Sabon hannu a saƙar kwarashi da keken ɗinki: da me zan fara?

Sabuwar Hannu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san saƙa da ɗinki. Akwai keken ɗinki na ƙafa a gida, baƙin nan Butterfly, da kwarashi guda biyu, da zaren ulu ƙulli huɗu, da guntayen atamfa cike da leda. Na iya sarƙa, na iya dobul kaɗan-kaɗan, amma duk abin da na saƙa sai ya fito ƙasa da faɗi, sama a tsuke. Keken kuma ina takawa sai zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin ƙyalle. Wane abu ne mai sauƙi da zan fara da shi wanda zai yi amfani a gida? Ina so in yi wa jaririn yayata hula kafin sanyi ya shigo. Sannan ko in fara ɗinki da hijabi, tunda ga alama miƙewa kawai ake yi?

Mai Kwarashi ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in ɗauki ɓangaren saƙa, masu keke sa zo.

Tsukewar nan ba daga hannunki ba ne, daga ƙirga ne. Idan kin kai ƙarshen layi kin yi sarƙa 3 kin juya, sarƙa ukun nan ita ce dobul ɗin farko na sabon layi. Saboda haka ba za ki soka a idon da ke gindinta ba, sai na kusa da shi. In kin dawo kuma, dobul ɗinki na ƙarshe a kan sarƙar nan ta uku zai sauka. To ita ce ke ɓuya, don ba ta da fuskar ido kamar sauran, sai ki wuce ta ba ki sani ba. Kowane layi ido ɗaya ya tafi, layi goma ido goma. Mai soka gindin sarƙar kuma ta sake soka kan sarƙar, nata faɗaɗa yake yi. Maganinsa: ki maƙala fil ko guntun zare mai wani launi a kan sarƙa ta uku da zarar kin yi ta, kuma ki ƙirga idanunki a ƙarshen kowane layi. In kin fara da 20, ki gama da 20. Sarƙar juyawa ba ɗaya ba ce ga kowane ido: singil, wato gajeren ido, sarƙa 1; rabin dobul, matsakaici, 2; dobul, dogo, 3.

Ki duba zaren da kwarashin ko sun dace. Ulun kasuwa na ƙananan ƙulli siriri ne, shi kaɗai kwarashi mai milimita 2.5 zuwa 3 yake so. In kin haɗa zare biyu kina ja tare, ki ɗauki mai milimita 4, kuma wannan ya fi wa mai koyo, don idon yana fitowa ɓaro-ɓaro. Siraran kwarashin ƙarfe masu lamba a jiki na zaren leshi ne, kuma lambarsu a juye take: yadda lamba ta hau, haka bakin yake ƙara sirancewa. In da su kike fama da ulu, shi ya sa zare ke tsagewa. Kada ki koya da baƙin zare ko mai gashi-gashi, ba za ki ga inda za ki soka ba. Fari, ruwan madara ko ruwan ɗorawa sun fi.

Kafin hula ki yi ɗan murabba'i na gwaji, ido 20, layi 10. In gindinsa ya lanƙwashe kamar baka, sarƙar farko ce ta yi tsauri, ki yi ta da kwarashin da ya fi naki kauri kaɗan sannan ki koma naki.

Yanzu hula. Daga tsakar ka ake farawa, a yi faifai, a daina ƙari, sai ta lanƙwaso da kanta. Kan jariri sabon haihuwa santimita 34 zuwa 35 ne a kewaye. Hula tana so ta gaza kan da kaɗan don ta kama, a ce 33. Ki raba 33 da 3.14, zai ba ki kusan 10 da rabi. Faɗin faifan ke nan daga baki zuwa baki ta tsakiya. Wannan lissafin shi ne na kowace hula, har ta babba: auna kai, rage santimita 2 zuwa 3, raba da 3.14.

Ki yi ɗaurin zarge, sarƙa 4, ki haɗe ta zama zobe. Zagaye na farko dobul 12 a cikin zoben, har da sarƙa ukun farko a cikin lissafi. Ki haɗe a kan sarƙa ta uku. Na biyu, dobul biyu a kowane ido, 24. Na uku, ɗaya a ido ɗaya, biyu a na gaba, 36. Na huɗu, ɗaya, ɗaya, biyu, 48. Ki aza tef. Da zare biyu da kwarashi mai milimita 4, galibi a nan ake kai santimita 10 ko 10 da rabi. In bai kai ba ki ƙara zagaye, in ya zarce ki warware ɗaya. Tef za ki bi, ba yawan zagaye ba, don hannun kowa daban. Daga nan dobul ɗaya a kowane ido, ba ƙari. Zagaye biyu na farko za ki ga kamar ba abin da ya canza, kada ki warware, a na uku take fara zama ƙoƙo. Ki tsaya idan daga tsakar ka zuwa baki ya kai santimita 12 zuwa 13, ki rufe da zagaye ɗaya na singil don bakin ya kama. Giram 50 na zare ya ishe ki har da ragowa.

Kada ki sa mata igiyar ɗaurewa a wuya, kada ki liƙa duwatsu ko maɓalli. Jariri yana cisgewa ya kai baki.

Telan Unguwa ya amsa:

Malama, cukurkuɗewar ƙasa kusan kullum daga zaren sama take, ko da yake a ƙasa ake ganinta. Mutane sai su kama kuncen ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa, suna juyawa, su ɓata abin da lafiyarsa ƙalau. Ki zare zaren sama gaba ɗaya. Ki ɗaga ƙafar da ke danne ƙyalle, sannan ki sake zarawa. Dalili: ƙafar tana sama, faya-fayan tenshin biyu a buɗe suke, zare yana shiga tsakaninsu. Ƙafar tana ƙasa, a matse suke, zare sai ya kwanta a bakinsu kawai, ba abin da ke riƙe shi. Ki tabbatar ya bi ta ƙaramar wayar nan mai motsi, ya shiga ƙarfen da ke hawa da sauka. Gwaji: sauke ƙafar ki ja zaren ta wajen allura. In kin ji ya yi nauyi, ya zauna. In ya taho salalam, bai shiga ba.

Wajen farawa kuma, ki jawo zaren ƙasa ya fito, ki kwantar da su biyun ta baya kamar tsawon yatsa da rabi, ki danne da yatsa har allura ta sauka sau uku. In ba haka ba ƙoshiya tana haɗiye wutsiyar zaren, shi ne ƙullin da kike gani a farkon ɗinki.

Allura: keken gida mai gindi shafaffe a gefe ɗaya yake ɗauka, wadda ake rubuta HAx1 a takardarta. Mai gindi zagayayye, DBx1, ta keken masana'anta ce, in aka ba ki ita a shago ki mayar. Lamba 14 ita ce ta atamfa da shadda, 11 ta yadi mai laushi, 16 ta jins ko ƙyalle ninki da yawa. Jikin allura yana da dogon kwari a gefe ɗaya, ki shafa da farce za ki ji. Kwarin yana fuskantar gefen da zare yake shigowa. A irin kekenki kwarin hagu yake kallo, shafaffen gindin dama, zare daga hagu zuwa dama. Ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure kunce. In ta zauna a juye, ko ɗinki ya riƙa tsallake, ko zare ya riƙa tsinkewa.

Ki buɗe farantin ƙasa ki share haƙoran keke da tsohon buroshi, ƙurar hunturu da gashin ƙyalle suna taruwa a nan su daskare. Ɗigo ɗaya na man keke a kowane rami, da inda ƙoshiya ke kai da komo. Ban da man gyaɗa, danƙo yake zama. Bayan mai ki taka a tsumma tukuna.

Hijabi ki bar shi zuwa gaba. Yadinsa yana talewa yana santsi, ƙasansa kuma zagaye ne, abu biyu mafi wuya ga sabon hannu a haɗe. Ki fara da rigar filo mai aljihu, ba zif ba maɓalli, ɗinki huɗu ne miƙaƙƙu.

Ga filo mai inci 20 a faɗi, 30 a tsawo, ki yanka ƙyalle ɗaya inci 21 da inci 69. Lissafin: 30 gaba, 30 baya, 7 na aljihun da zai riƙe filon, 2 na kalmasa. Faɗin atamfa wajen inci 45 ne, don haka yadi 2 zai ba ki riga biyu gefe da gefe. Ki wanke ta ki goge kafin almakashi ya taɓa ta, don auduga tana shiga a wankin farko. Takardar da ke manne a jiki, ki ɗora dutsen guga mai zafi ta bayanta, gam ɗin ya yi laushi, ta ɓare ba tabo.

Ki kalmashe gajerun bakunan biyu, rabin inci sau biyu, ki goge ki ɗinke. Ki shimfiɗa fuskar atamfa tana kallon sama. Ki ninko baki ɗaya inci 30, fuska ta haɗu da fuska. Saura inci 7 a waje. Ki ninko shi ya hau kan wanda kika fara kwantarwa. Ki kafe da fil, ki ɗinke dogayen gefunan biyu da rabin inci, ki koma baya kaɗan a farko da ƙarshe. Ki fara juya aljihun zuwa ɗaya ɓarin, sannan ki juya rigar duka. In kin riga ninka guntun sannan kika rufe shi da dogon, aljihun a waje zai fito, ki ga rigar kamar ambulan. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi.

Tsawon taku ki sa shi wajen 10 zuwa 12 in lambobin kekenki na inci ne. A irin wannan lamba, babba ita ce ɗinki ƙanana. Kada ki yi ƙanana sosai, za ki sha wuya wajen farkewa, kuma mai koyo dole ya farke. Idonki a kan bakin ƙyalle, ba a kan allura ba. Ki manna salatif a jikin farantin, rabin inci daga allura, ki riƙa bin sa. Kada ki ja ƙyalle ta baya, haƙora ne ke jan sa, ke shiryarwa kawai za ki yi. Ja yana lanƙwasa allura ta bugi faranti ta karye.

Sabuwar Hannu ta rubuta:

Na gode ƙwarai Anti, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Cukurkuɗewar ta tafi, ashe da ƙafar a ƙasa nake zarawa. Amma yanzu zaren sama yana tsinkewa duk sanda na tsaya zan ci gaba. Faifan hular kuma a zagaye na huɗu bakinsa ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar ganyen latas, ya ƙi kwanciya. Sannan na kalli bidiyo biyu a YouTube, dukansu sun ce dobul, amma abin da suke yi daban.

Telan Unguwa ya amsa:

Wilin ne yake komawa baya. Kullum wajenki yake juyowa, ko rabin juyi ya koma sai zare ya harɗe a ƙoshiya ya tsinke. Ki tayar da shi da hannun dama, ƙafa ta karɓa, in za ki tsaya ki dafe shi da tafin hannu. Ki cire zare ki yi ta takawa a kan takardar littafi mai layi, tsayawa da tashi, har ƙafa ta saba. In bayan haka yana tsinkewa, ki sassauta tenshin kaɗan, ki canza allura, ki kuma ja zaren da hannu ki gani. Tsohon zare da ya sha rana da ɗan ja yake katsewa, ba keken da zai ɗinka shi.

Uwar Biyu ta amsa:

'Yar'uwa, batun bidiyo ba ruɗewa kika yi ba, suna ne iri biyu. Abin da 'yan Amurka ke kira singil, 'yan Ingila dobul suke ce masa. Dobul ɗin Amurka kuma a Ingila tirebul ne. In kin ji mai koyarwa ta ambaci singil ko sau ɗaya, lissafin Amurka take bi, don na Ingila ba shi da wannan sunan. Abin da Anti Mai Kwarashi ta ba ki na Amurka ne: ki naɗa zare sau ɗaya, ki soka, ki jawo, zare uku ke nan a kan kwarashi, ki naɗa ki fitar ta biyu, ki sake naɗawa ki fitar ta biyun da suka rage.

Faifai mai bakin latas ido ne ya yi yawa. Ki ƙirga. Zagaye na huɗu 48 ne, in kin sami 55 ko 60 to kin ci gaba da biyu-biyu inda ya kamata ki sa ɗaya-ɗaya. Wani wurin da ido ke ƙaruwa a ɓoye shi ne mahaɗa: haɗin da kika rufe zagaye da shi yana kama da ido, in kin soka a cikinsa kin ƙara ɗaya. Akasinsa, in faifai ya fara zama ƙoƙo tun zagaye na biyu, ido ya yi kaɗan ko hannu ya yi tsauri. Ƙa'idar faifai kwantacce ita ce, adadin da kika fara da shi shi kike ƙarawa kowane zagaye: singil 6, rabin dobul 8, dobul 12.

Ni dai a ganina da murabba'in nan mai ramuka ya kamata a fara, kafin hula. Ba a neman ido a cikinsa, rami ake sokawa, kuma rami ba ya ɓuya. Sarƙa 4, ki haɗe zobe. Sarƙa 3, dobul 2, sarƙa 2. Sai dobul 3, sarƙa 2, har sau uku. Ki haɗe. Kin sami gungu huɗu da kusurwa huɗu. Daga zagaye na biyu, kowace kusurwa tana karɓar dobul 3, sarƙa 2, dobul 3, kowane ramin gefe kuma dobul 3 kawai, da sarƙa 1 tsakanin gungu da gungu. Shi ke nan, ba wani sabon abu har ki gaji. In gefe ya yi sako-sako ki bar sarƙa ɗayan nan ta tsakani.

Guda 36 masu santimita 15, shida a jere shida a tsaye, shawul ɗin jariri ne na santimita 90 kowane gefe. Ki tanadi zare wajen giram 400 zuwa 500, kuma ki saye shi lokaci ɗaya. Launi ɗaya daga rini daban-daban yana bambanta, ba a gani a shago sai an shimfiɗa a rana. In kina ƙyuyar haɗa guntaye, ki ci gaba da guda ɗaya har ya kai girman da kike so, sai dai babba yana murɗewa, kusurwoyin ciki su karkace gefe ɗaya. Ki riƙa juya saƙar bayan kowane zagaye, wannan ta fuska, na gaba ta baya, karkatar sai ta soke juna.

Wutsiyar zare kada ki ƙulla ki yanke a gindi. Ulun roba santsi gare shi, wanki biyu ƙullin ya kwance, rami ya buɗe a tsakiyar shawul. Ki bar santimita 12 zuwa 15, ki zura a babbar allura marar tsini, ki bi cikin idanu gaba, ki dawo baya ta wata hanya, sannan ki yanke. Ki riƙa yi kina gama kowane guda, in kin tara na 36 sai kin tsani aikin.

Ulun kasuwa yawancinsa roba ne, ki ɗan ƙona bakin zare ki gani: roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri, auduga tana ci ta bar toka. Wannan yana da muhimmanci. Kada a saƙa abin sauke tukunya da na roba, a hannu zai narke. Kada a zauna da jariri a cikin shawul ɗinsa kusa da kaskon gawayi lokacin sanyi. Kada dutsen guga ya taɓa shi, yana mutuwa ya yi laƙwas, ba ya dawowa. Wanki da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan, a matse cikin tawul ba a murɗa ba, a shanya a kwance. In kin rataya shi a igiya da ruwa a jiki, murabba'i sai ya koma dogo.

Guntayen atamfar nan ma kwarashi yana cin su. Ki yanka su tsiri-tsiri, faɗin santimita 2, ki tsaga ɗan rami a bakin kowane tsiri, ki zura ɗaya cikin ɗaya ki ja su sarƙe ba ƙulli. Da babban kwarashi mai milimita 8 zuwa 10 ki yi faifan singil, 6, 12, 18, 24, har ya kai abin taka ƙafa na bakin ƙofa. Ki riƙa sauya wurin ƙari kowane zagaye, in ƙari yana hawa kan ƙari faifan kusurwa shida zai yi. Atamfa ba ta talewa, saboda haka ki saki hannu sosai, ki kuma riƙa hutawa, tana gajiyar da wuyan hannu.

Anti Mai Keke ta amsa:

Malam ya gama magana a kan keke. Abin da zan ƙara shi ne bakin ƙyalle na ciki. Baƙin keke ba ya zigizag, kuma ba kullum za ki kai wibin a rufe miki bakin ƙyalle ba. Ki koyi ɗinki biyu: ki haɗa baya da baya, fuska a waje, ki ɗinka da kwatan inci, ki rage bakin da almakashi, ki juya ki goge, ki sake ɗinkawa ta ciki da abin da ya ɗara kwatan inci kaɗan. Ɗanyen bakin ya shige ciki ke nan. In kin ga gashin zare yana leƙowa ta fuska, ba ki rage bakin sosai ba, ko ɗinki na biyu ya yi kusa.

Bayan rigar filo, siket ɗin yarinya mai roba. Ga 'yar shekara huɗu zuwa biyar, ƙugu wajen inci 21, tsawo 13, amma ki auna taki. Faɗin ƙyalle ya ninka ƙugu sau biyu ko kusa da haka, don haka faɗin atamfa guda ya isa, kuma bakunan masaƙa biyu su ne za su haɗu a baya, ba sa zarewa. Tsawon yanka 15 da rabi: 13, da ɗaya da rabi na ƙubaka, da ɗaya na kalmasar ƙasa. Abu ɗaya: atamfa da yawa an zana su ne don ɗaurin zane, bakin masaƙa sama da ƙasa. In kin yanka ta wannan hanya, tsuntsu ko fure a kwance zai fito. Ki zaɓi zanen da ba shi da sama da ƙasa.

Ki haɗa baya. A sama ki ninka kwatan inci ki goge, ki sake ninka inci ɗaya da kwata, ki ɗinke kusa da baki, ki bar ƙofa inci biyu. Roba mai faɗin inci ɗaya, tsawonta ƙugu a rage inci ɗaya. Ki sa fil a baki ɗaya ki zura, ɗaya bakin kuma ki kafe shi a jikin siket, in ba haka ba ya shige ki sake daga farko. Ki shafa ki tabbatar ba ta murɗe ba, ki ɗora baki kan baki rabin inci, ki ɗinke gaba da baya sau huɗu, ki rufe ƙofar. Ki baje tattarar, sannan ki taka ɗan gajeren ɗinki a tsaye ta kan robar a gefe biyu da baya. Shi ke hana ta naɗewa a wanki.

Jakar Islamiyya ma tana da sauƙi. Ƙyalle inci 15 da 33, a ninka biyu, gindin ba ɗinki. Atamfa ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin Alƙur'ani da littattafai, ki yi mata shafi da yadi mai kauri ko tsohon jins, ki koma allura 16. Hannu biyu, kowanne inci 4 da 24: ninka biyu ki goge, buɗe, kawo bakunan tsakiya, sake ninkawa, ya zama inci ɗaya ninki huɗu. Ki dasa su inci 4 daga kowane gefe. A wurin dasawa ki ɗinka akwati ki ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, don daga nan jaka take fara mutuwa. Inda ninki ya yi kauri ki sauke ƙafa daga feda, ki juya wili da hannu.

Hijabi kuwa ban hana ki gaba ɗaya kamar Malam ba. Na yarinya, da yadin auduga marar talewa, za ki iya bayan waɗannan ukun. Wuyarsa kalmasar zagaye ce, don bakin waje ya fi inda zai kwanta tsawo, sai ya yi ta tattarewa. Ki fara taka layi ɗaya kwatan inci daga baki ba ninki, ki ninka a kan layin ki goge, ki sake ninka siriri ki ɗinke a hankali. Kalmasa mai faɗi ba ta kwanciya a zagaye. Yadi mai talewa shi ne sai da allura mai dakusasshen baki, wadda take ratsa tsakanin zare ba ta huda shi, in ba ita ba ɗinki ya yi ta tsallake. Ki auna fuska daga saman goshi, ta gaban kunne, zuwa ƙarƙashin haɓa ki dawo, da ɗankwalin da za a sa a ciki a kai.

Mai Kwarashi ta amsa:

Uwar Biyu ta yi gaskiya a kan mahaɗa, na manta ban faɗa ba. Ƙanwata, ba sai kin warware duka ba, ki ja zare ki koma zagayen da lissafinsa ya yi daidai, 24 ko 36, ki ɗora daga nan. Zaren da aka warware yana yin ƙudundune, ki naɗe shi sako-sako a hannu kafin ki ci gaba. Kuma ki tambayi yayarki watannin yaron lokacin da sanyi zai kama. In zai kai wata uku zuwa shida, kansa ya wuce santimita 40, ki kai faifan santimita 12 da rabi, wato ki ƙara zagaye na biyar mai ido 60, tsawon hular kuma 14 zuwa 15.